Azumin da Sumo Yake Barci da Rana

Ƙarfe biyu da kwata na ranar Talatar da ta wuce, mu uku ne a gindin tankin ruwan unguwarmu a Umarari: ni Modu, mai kula da bohol ɗin, da Ya Kaltum mai ƙosai, ta zo wanke kaskonta, da maƙwabcina Malam Yakubu, tsohon malamin firamare, yana kan benci yana fifita da hularsa. Ruwa yana hawa tanki yadda ya saba. Sai bututun ya yi tari. Ya yi shiru, ya sake yi, kamar tsoho ya shaƙe da gari. Na tashi na kashe makunni.

Ya Kaltum ta ce, "Ba Modu, ban gama ba fa."

"Ki jira."

"Har yaushe?"

"Har rijiya ta maido numfashinta."

Malam Yakubu bai ɗago kai ba. A hankali ya ce, "Irin tarin shekarar nan ne." Na ce shi ne. Mu ukun mun san shekarar da yake nufi, mun kuma san 'yar wa za a ambata idan aka ci gaba da maganar.

Zan faɗi abin bi da bi, daga farkonsa. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, amma na san ba a fara gini daga rufi.

Shekarar da aka kayar da turakun wuta ce, garin nan ya zauna ba lantarki wata da watanni. Wanda bai zauna Maiduguri a lokacin ba zai ɗauka maganar fitila da fanka ce. Maganar ruwa ce. Duk bohol ɗin da ya dogara da wutar gwamnati ya tsaya. Masu janareto suka tayar na ɗan lokaci, mai ya gagare su, suka rufe ƙofa. Mai moya, masu tura kurar ruwa, sai ka bi su da gudu kana roƙo su ce an riga ka. Namu bohol ɗin da hasken rana yake aiki, faifan sola ne a saman tanki, saboda haka kowa ya koma kansa, har mutanen Bolori na wannan gefen.

Ba a haƙa rijiyar don wannan taron ba. Sumo, injin da ke can ƙasa yana turo ruwa sama, ruwan da yake zaune ciki shi ke sanyaya shi. Idan ya zuƙe ruwan ya ci gaba da juyawa a bushe, ƙonewa zai yi. Haka na farko ya yi ana gab da kama azumi. Aka bi gida gida aka haɗa aka sayi sabo. Ya Kaltum ɗin nan tunkiyarta ta sayar. Ranar da aka zura sabon, Bulama, mai unguwarmu, ya kama hannuna a gaban jama'a ya ce, "Modu, babu na uku." Ban buƙaci ya maimaita ba.

A nan Ladi ta shigo. 'Yar Malam Yakubu ce ta biyu. Mutanen Biu ne, Kirista, katanga ɗaya ce tsakaninmu tun kafin a haife ta. Ta gama karatun kwamfuta a jami'a, tana jiran a tura ta bautar ƙasa bayan Sallah. Ta same ni a gindin tanki da wani akwati da bai fi tafin hannu ba, da wayoyi a leda.

"Wushe, sannu Baba. Na kawo maka mai leƙa rijiya."

"Ido gare shi?"

"Wayar awo za mu zura. Ita za ta riƙa faɗa masa tsayin ruwan da ke kan sumo. Idan ruwa ya yi ƙasa ya kashe, ya jira rijiya ta taru, ya sake kunnawa. Kai sai ka ji ta yi tari kake sani. Shi tun kafin tari zai sani."

Na kai maganar wurin Bulama, ya ce a gwada. Amma na kafa mata sharaɗi. Na ce bayan Sallah za ki tafi, ni za a bari da akwatin. Ba na riƙon amanar abin da ban san cikinsa ba. Duk kalmar da kika rubuta a ciki sai kin gaya mini aikinta da dalilin sunanta, kuma daga sama zuwa ƙasa, ba tsallake.

Ta ce, "Baba, wasu sunayen ko masu sana'ar ba su san dalilinsu ba. Bugawa kawai suke yi."

"Su ba a ce musu babu na uku ba."

Ga yadda wuni yake tafiya a azumin nan. Da farko sahur: kunun gyaɗa, da abin da ya kwana, da ruwan randa wanda zafin jiya bai gama fita daga cikinsa ba. Bayan asuba mata su fito da jarkoki. Ba mutum ke tsayawa a layi ba, jarkarsa ce. Akwai doguwar igiya da ake zurawa ta hannun jarkokin, wanda ya zo ya kwance ƙarshenta ya sa tasa ya ɗaure, don kada wani ya cusa tasa a tsakiya. Ni kuma in hau tsani da tsumma in goge faifan sola tun ƙarfen bai fara ƙuna ba. Rana na ɗagowa sumo ya tashi. Ruwan farko na masallaci ne da na gidajen da ke da mara lafiya ko mai jego. Sannan igiya ta fara tafiya.

Kafin azahar gari ya zama murhu. Inuwar darbejiya ta tattare ta koma gindinta. Iska idan ta taso sai ka so ta kwanta, don kamar daga bakin tanderu take fitowa. Takalmin roba yana laushi a ƙafa. Yawu ya ƙare, harshe ya yi kauri, mutum ya riƙa taƙaita gaisuwa. Maza su jiƙa rawani su ɗora a ka, kafin su kai ƙarshen layi ya bushe. Ƙanƙara kuwa ta zama labari. Ardeb ɗin tsamiyar da ake shan ruwa da shi, a tulu ake sa shi a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, a ce wai ya yi sanyi.

A daidai wannan lokacin, rana na tsaka, faifan sola na ba da duk ƙarfinsu, akwatin Ladi yake kashe sumo. Ruwa ya tsaya. Igiya ta tsaya. Mata su ja mayafi su zauna a jikin katanga. Wannan hutun shi ne ajinmu. Sai ta shimfiɗa buhu a inuwar tanki, ta buɗe kwamfutarta, ta jona da akwatin.

Ban taɓa ganin ta da gorar ruwa ba. Na ce mata, "'Yata, ki sha abinki, ba a ɗora miki ba."

"Mu ma ba mu daɗe da gama namu azumin ba, Baba. Na san yadda ƙarar haɗiya take a kunnen mai azumi."

Allon baƙi ne wuluk, babu hoto, sai wani ɗan farin tabo yana ƙyafta ido. Ta ce masu sana'ar suna kiran wurin shell, wato ɓawo, don shi ne fatar da ke tsakanin mutum da cikin na'ura. Umarnin da za ka ba na'ura ɗaya bayan ɗaya, idan ka jera su a fayil guda, za ta bi su da kanta ko ba ka nan. Wannan jerin ta rubuta. Da na ji jeri ne, na sama kafin na ƙasa, hankalina ya kwanta.

Amma tun ranar farko muka saɓa. Can sama, kusa da farkon jerin, akwai layin da ya fara da trap. Na sa yatsa a kai. Ta ce a bar shi sai ƙarshe.

"Mun yi da ke ba tsallake."

"Baba, wannan ba zai shiga ba sai ka san wani da ke can ƙasa. Mazauninsa sama ne, amma karatunsa ƙarshe ne."

"Wane irin gini ne wannan?"

"Irin ƙofa. A gaban gida take, amma sai an gama gini ake sa ta."

Na yarda ba don raina ya so ba. Muka sauka zuwa cat.

Na ce, "Wannan na san shi. Kyanwa ce. Mun yi ta a aji ɗaya."

Ta yi dariya har ta dafa ƙarfen tanki, ya ƙona ta, ta janye hannu tana yarfewa. "Babu kyanwa a rijiyarka, Baba. Guntun wata doguwar kalma ce mai nufin a haɗa abu da abu. Sun gaji da rubuta ta, suka datse."

"To me yake haɗawa a nan?"

"A nan ba ya haɗa komai. Fayil ɗin awo yake zazzagewa a gabanka, kamar an juye buhu."

"Wato an sa masa sunan aikin da ba shi yake yi ba."

"Kai ma Ba Modu Direba ake ce maka. Yaushe rabonka da sitiyari?"

Tankar da na tuƙa kuwa ta daɗe da zama ƙarfen awo. Ya Kaltum da ke jingine da katanga ta ce, "Ta kama ka, Direba."

Haka muka riƙa tafiya, kalma ɗaya sai ta ci mu wuni biyu, don ba na wucewa sai na buga da yatsana na ga abin da ya fito. grep rariya ce: a zuba mata duk abin da cat ya zazzage, ta riƙe layukan da ke da kalmar da ka ce, sauran su zube. Sunan haruffa ne na wani tsohon umarni mai cewa duba ko'ina, nemo mai wannan kama, ka nuna. awk kuma shi ke sa hannu cikin layin ya ciro lambar tsayin ruwa kaɗai. Sunansa ba ya nufin komai. Mutum uku ne suka ƙirƙire shi, kowa ya ba da harafin farko na sunansa. Wannan ya yi mini. Na ce mutanen kirki ne, sun sa sunansu a kan aikinsu, in ya ɓaci an san ƙofar da za a buga.

Tsakanin umarni da umarni akwai wani tsayayyen zane kamar sanda. Ta ce bututu ne, haka ma sunansa yake a Turanci: abin da ya fito daga bakin na farko shi ke shiga na biyu. Sai ga wani a gaba, tee. Na ɗaga kai na dubi mahaɗar da ke saman kanmu, inda bututun tanki ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi masallaci ɗaya ya nufi famfunan layi. Mu ma ti muke ce mata. Na nuna da haɓa. Ta tafa hannu ta ce ita ce, daga wurin masu aikin famfo aka aro sunan: awo ɗaya, rabi ya fito allo, kwafinsa ya shiga fayil. Ranar na koma gida da wani irin sanyi a rai, har uwargida ta tambaye ni ko an maido wuta ne.

cron mai tashin sahur ne. Shi ke tayar da jerin kowace safiya ba sai an taɓa shi ba, kuma daga kalmar lokaci ta Girkawa aka yanko sunansa. Sai sleep, barci. A duk cikinsu shi kaɗai ya faɗi gaskiyar aikinsa. Idan lambar da awk ya ciro ta yi ƙasa da iyakar da ta sa, jerin ya kashe sumo, ya yi barci, ya farka ya sake aunawa. In ruwa bai taru ba ya koma.

A goman farko barcin gajere ne, mutane suka jure. A goman tsakiya ya ƙara tsawo, don rijiya tana ja baya, jarkoki suna ƙaruwa. Wata rana hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta kwashe ledoji ta yi sama da su. Mata suka fito da kwanoni da baho suka jera a tsakar gida. Aka yi ɗigo ɗaya ɗaya, ƙasa ta ba da ƙanshi, shi ke nan ya watse. Zafin da ya biyo baya ya fi na da, mai gumi, mai manne riga a baya. Kwanonin suka kwana a waje babu wanda ya iya ɗauka.

A goman ƙarshe sumo yakan farka ya yi ɗan aiki ya koma, ya sake farkawa ya sake komawa. Igiya ta kai har bakin titi ta lanƙwasa. Akwai masu shan ruwa da magariba jarkarsu ba ta iso famfo ba. Maganganu suka fara. Wani ya ce inji na barci Musulmi na ƙishi. Wata mata ta yanke jiki ta faɗi a layi, aka ɗauke ta a Keke Napep.

A ranar ne muka kai kill. Na ce, "To wannan kuma wa ake kashewa?"

"Ba kowa. Ɗan aike ne. Yana zuwa ya buga wa aikin da ke gudana ƙofa, ya ce masa tattara ka tashi. Shi muke aikawa idan ma'aunin ya maƙale, don a tayar da sabo."

"In ya ƙi tashi fa?"

"Akwai mai ƙarfi, wanda ba ya sallama. Amma ba a fara aika shi." Ta rufe kwamfutar ta share goshi da bakin mayafi. "Yanzu ka san mai buga ƙofa. Gobe sai mu koma sama, in nuna maka trap. Daga shi ka sauke."

Bayan la'asar ɗin ranar aka kira taron kwamitin ruwa.

Ko yaushe a ƙofar gidan Bulama muke zama, kan tabarma, Malam Yakubu yana cikinmu, duk mai magana ya matso ya yi. Amma goman ƙarshe ne. Liman da dattawa biyu suna i'itikafi, ba sa fita daga masallaci, kuma ba a yanke maganar ruwa ba da su ba. Sai aka ce a shiga ciki a same su. Ba wanda ya shirya haka don ya hana wani shiga, wannan zan iya rantsewa a kai. Amma abin da ya haifar shi ne Malam Yakubu da Ladi suka tsaya a gindin darbejiyar da ke tsallaken layi. Ta miƙo mini kwamfutar ta ce, "Kai ne bakina, Baba. Ka san shi."

Bulama ya ce a nuna wa Abba, tunda shi ne mai aikin wuta a unguwa kuma yana karanta Turanci. Abba ba mugu ba ne. Garin nan ya ga akwati mai wayoyi, ya ga abin da ya biyo baya, kuma Abba ya binne ɗan'uwa a waɗancan shekarun. Ya karɓa ya fara daga sama, kamar yadda ni ma da zan fara.

"Trap," ya ce. "Tarko ke nan. Ba Modu, tarkon wa?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna. Gobe za mu yi shi."

Wani daga baya ya ce, "Kusan wata guda kana zaune a gabansa."

Abba ya ja ƙasa ya tsaya. "Ga kill kuma. Akwati a jikin ruwan da 'ya'yanmu ke sha, an rubuta tarko an rubuta kisa."

Na ce a ba ni dama. Na bi jerin daga cat, na yi grep, na yi awk, na nuna bututu da ti, na faɗi ɗan aike mai buga ƙofa. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na ce rijiya kamar saniya ce, in an tatse sai a bar ta ta tara. Liman ya saurara har ƙarshe ya ce maganar tana da kai. Amma mijin matar da ta faɗi yana wurin, leɓɓansa sun tsage, muryarsa da ƙyar take fita. Ya ce, "Modu, ni ban san grep ba. Na san rana tana sama, faifai na ba da wuta, ruwa na ƙasa, iyalina na asibiti." Babu wanda ya iya duban sa. Abba ya ce sumon sabo ne, zai ɗauki 'yan kwanaki. Aka yanke a cire akwatin a jona kai tsaye, zuwa Sallah kawai.

Ba sunayen ne suka kayar da mu ba, ƙishirwa ce. Sunayen dai sun ba ta abin riƙewa. Amma har yau ina cewa da taron nan ya jira gobe, da tambayar farko ta sami amsa, da an saurari sauran da wani kunnen.

Na fito na tsallaka. Ladi ta dubi fuskata ta gane. Can ta ce, "To ka riƙa kashewa da hannu in ka ji tari." Malam Yakubu ya karɓi kwamfutar ya saƙala a hammata, suka wuce gida.

Na yi yadda ta ce. Ina kashewa ana zagina, ina kunnawa ana sa mini albarka. Ruwa ya ƙaru, gaskiya ne, igiya ta gajarta, aka ce ka gani. Ranar Juma'ar ƙarshe na kashe da hannuna na tafi masallaci. Na dawo na tarar makunnin a sama, famfuna a bushe, akwatin wuta yana warin ƙonanniyar waya. Sumo ya ƙone, mata na zaune jikin katanga. Ban tambayi wanda ya kunna ba, kuma har yau ba a faɗa ba. Duk wanda ya yi, ƙishi ne ya ɗaga hannunsa.

Sallar nan a Keke Napep aka riƙa ɗauko ruwa daga Dusuman, wanda ba shi da hali ya bi mai moya. Wankan Idi da buta ɗaya na yi shi. Yara suka sa sababbin kaya a kan ƙurar jiya. Mata suka fasa sinasir don babu ruwan wanke tukwane. Da hantsin Sallah matar Malam Yakubu ta turo mana rabin duron da suka tara ta kan katanga, bokiti bokiti, da shi aka dafa abin da aka ci a gidana.

Sannan maganar ta juya. Aka fara cewa kashewa da kunnawar akwatin ne ya raunana sumon tun farko. Duk wanda ya faɗa a gabana na tsayar da shi na yi masa bayani daga cat har ƙasa, amma magana ta fi ni ƙafa. Ladi ta daina bi ta gindin tanki. Ranar tafiyarta ta shigo gidana ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye akwatin a gabana cikin gwangwanin madara.

"Saura layi ɗaya, Baba. In na zo Kirsimeti."

"Ki faɗa mini yanzu mana."

"Mota na jira. Kuma kai ba a faɗa maka abu a tsaye, sai ka buga da yatsanka."

Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ruwan farko ya sauka bayan tafiyarta da kwanaki, mai ƙarfi, har ya cika kwatoci. Ba ta zo Kirsimeti ba. Zazzaɓi ya kama ta a can inda aka tura ta, kafin iyayenta su isa ta cika. Unguwa duka ta je gaisuwa, har masu maganar. Abba shi ya kafa rumfa ya ja wayar fitila daga janaretonsa, ya wuni yana jera kujeru bai zauna ba.

Yanzu an maido wuta, tana zuwa tana tafiya. Ana samun ƙanƙara a bakin titi. Wanda Bulama ya ce babu shi, na uku, an same shi bayan damina biyu, kuma kai tsaye aka jona shi. Igiyar jarkoki tana rataye a ƙusa, ba a buƙatar ta kullum. Amma gidaje sun ƙaru, kowa ya haƙa tasa, ruwan ƙasa ya ƙara nisa. Bazarar bana ta zo da irin zafin waccan, ga kuma tarin ranar Talata. Ni ne mai leƙa rijiya yanzu, da kunne, kuma kunnen ya fara nauyi. Ina zuwa masallaci, ina zuwa asibiti, makunni yana nan inda hannu ke kaiwa.

Shekaranjiya Abba ya same ni ya tsuguna ya ce, "Ba Modu, akwatin nan yana nan?" Na ce yana nan. Ya ce shi zai jona da hannunsa, Bulama ma ya yarda. Malam Yakubu ya ɗauko kwamfutarta daga ƙasan akwatin tufafi ya ba ni, ta kama, jerin yana nan yadda ta bar shi. Na bi shi daga sama har ƙasa ban manta komai ba, sai layin nan guda.

An ce in kunna kawai, ai yana aiki. An karanta mini bayaninsa daga waya, wai yana kama sigina. Na ce ya kama ya kai ina, mai karantawar ya ce nan rubutun ya tsaya. Ina da zato. A cikin layin ina ganin kalmar da ke kashe sumo, ina ganin kuma ya shafi mai buga ƙofa. Zatona shi ne abin da jerin zai yi wa sumo kafin shi kansa ya tashi, don kada ya tafi ya bar shi yana juyawa ba mai duba shi. Amma zato ba sani ba ne, kuma ba zan sake zama a gaban kwamiti a tambaye ni daga sama in ce gobe ba.

Saboda haka, kai mai karatu, idan wannan aikinka ne, ko aikin ɗanka ko 'yarka, ga roƙona. Ka zo Umarari ka tambayi tankin Ba Modu Direba. Ka zo bayan azahar, lokacin da nake kashe sumo, akwai buhu a inuwa. Kada ka karanta mini daga waya, kada ka buga da hannunka. Ka zauna ka gaya mini abin da trap yake yi da dalilin sunansa, ka bar ni in buga da yatsana in ga abin da ya fito. Malam Yakubu zai kasance a kan benci, ka ɗaga murya yadda shi ma zai ji. Ka zo kafin wannan bazarar ta ƙare.